Kunnena ya ƙi daina kuka, iyalina sun fara gajiya da ni

Assalamu alaikum. Ni kafinta ne, shekaruna 43, kuma tun ina saurayi nake aiki da injin yankan katako da na goge shi. Wata takwas ke nan kunnuwana biyu suna wani siririn kuka irin na gyare, ba dare ba rana. Idan ina cikin aiki da sauƙi, amma da zarar na kwanta sai ya cika min kai, wani lokaci har asuba ban runtsa ba. Na je asibiti, likita ya haska kunnen ya ce lafiyarsa lau, in yi haƙuri zan saba. Na sayi wasu ƙwayoyi da na ga ana tallarsu a intanet, na sha wata biyu, ko gezau. Yanzu na zama mai saurin fushi, yara suna wasa sai in daka musu tsawa. Maiɗakina ta ce ni na sa wa raina damuwa tunda likita ya ce ba komai, kuma tana ƙorafin ba na sauraronta idan tana magana. Ni kuwa tsoro nake kada kurumcewa zan yi, ko kuma wani abu ne a ƙwaƙwalwata. Ina tunanin barin sana'ar, amma da ita nake riƙe gida. Akwai daren da na ce a raina, in haka zan ƙarasa rayuwata to ban ga amfaninta ba. Don Allah a ba ni shawara.

Wani magidanci

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da jiki, Allah ya kawo sauƙi.

Da maganar da ka rufe wasiƙarka zan fara, domin ita ta fi tsaya min a rai. Duk wanda ya yi wata takwas barcinsa rabi da rabi, dole zuciyarsa ta fara raya masa abin da a da ba za ta raya masa ba. Ban ɗauki wannan a matsayin ragwanci ko raunin imani ba, gajiya ce ta kai maƙura. Amma kada ka riƙe wannan tunani kai kaɗai. Samu mutum guda da ka amince da shi ka gaya masa, kuma ka faɗa wa likita da bakinka yadda ka rubuto min, ba tare da ka sassauta kalma ko ɗaya ba. Idan tunanin ya dawo da ƙarfi, ko ka ji ka fara tsara yadda za ka cutar da kanka, kada ka jira gari ya waye, ka tashi wani ya raka ka sashen gaggawa na asibiti. Matsananciyar damuwa da rashin barci suna da magani, kuma sau da yawa idan aka shawo kansu sai ka ga kukan ma ya ja da baya.

Kukan da kake ji gaskiya ne, ba ƙirƙirarsa ka yi ba. Likitoci suna kiransa tinitus, kuma masu fama da shi sun fi yadda kake zato yawa. Wani nazari da aka buga a mujallar JAMA Neurology a 2022, wanda ya tattara bincike daga ƙasashe da dama, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 14 cikin 100 na manyan mutanen duniya suna jin irin wannan ƙara, wato sama da mutum miliyan 740. Waɗanda abin ya tsananta musu kamar kai sun kai kusan kashi 2 cikin 100. Ka dubi tazarar da ke tsakanin waɗannan lambobi biyu da kyau. Mafi yawan masu kukan kunne suna barcinsu, suna aikinsu, suna hira da iyalinsu, alhali ƙarar tana nan ba ta je ko'ina ba. Aikin da ke gabanmu shi ne mu fitar da kai daga rukuni na biyu zuwa na farko, kuma wannan abu ne mai yiwuwa.

Likitan da ka gani bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya tsaya a rabin hanya. Fitilar da ya haska maka iyakacinta ramin kunne da fatar dodon kunne. Da ita ake gane ko dauɗa ce ta toshe, ko kumburi ne, ko ruwa ya taru, ko fatar ta huje. Ya duba bai ga ko ɗaya ba, wannan albishir ne. Amma wurin da ƙarar inji take yi wa ɓarna yana can ciki, inda fitila ba ta kaiwa: wani ɗan sashe mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyin halitta masu gashi-gashi kimanin 15,000 a kowane kunne. Su ne suke mayar da sauti saƙon da jijiya za ta kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai ƙarfi tana kashe su kaɗan-kaɗan cikin shekaru, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Idan saƙon da ke isa ƙwaƙwalwa ya ragu, sai ita kuma ta ƙara ƙarfin saurarenta don ta cike giɓin. Ka san yadda rediyo yake yi idan tasha ta yi nisa ka murɗa shi sama: maganar ba ta fito ba, sai shuuu ta cika ɗaki. Galibin masu bincike a kan haka suke bayyana kukan kunne irin naka. Shi ya sa kunne zai zama lafiya lau a ido, kukan kuma yana nan.

Saboda haka abu na farko da nake so ka yi shi ne ka koma asibiti ka nemi ganin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ka ce a yi maka gwajin ji. Ba ya da zafi kuma ba ya ɗaukar lokaci mai tsawo. Za a sa maka abin saurare a ɗaki marar hayaniya, a riƙa turo sautuka masu kauri da sirara, kana nuna wanda ka ji. Ina kyautata zaton za a samu jinka ya ragu a wajen siraran sautuka, domin a nan ɓarnar inji take fara bayyana, musamman kusa da ma'aunin da suke kira hatz 4,000. Abin da ya sa na yi wannan zato kuwa ƙorafin maiɗakinka ne. Mutumin da siraran sautuka suka fara kuɓuce masa yana jin murya sarai, amma haruffa irin su s da sh da f da ts sukan ɓace masa, sai kalmomin su cakuɗe. Abin ya fi muni da muryar mata da ta yara, ko idan ana magana daga wani ɗaki, ko talabijin yana kunne. Ta yiwu baiwar Allah ta riga likita gano abin da ke damunka, ta dai ba shi wani suna ne.

Game da tsoron kurumcewa, kukan ba ya cin ji. Alama ce ta abin da ya riga ya faru, kuma abin da zai ci gaba da rage maka ji shi ne injin, idan ka ci gaba da tsayawa kansa kunne a buɗe. Batun ƙwaƙwalwa kuma, yadda ka kwatanta naka, kunne biyu, sauti ɗaya marar canzawa, ga shekaru fiye da ashirin a bakin inji, shi ne irin da aka fi gani kuma ba kasafai yake nuna wata muguwar cuta ba. Akwai dai alamun da ba a wasa da su, kuma ina so ka san su. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, a je asibiti a ranar, domin maganin da ake bayarwa ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako biyu kuwa damar takan ragu sosai. Idan ƙarar tana bugawa daidai da bugun zuciya, wannan maganar jijiyoyin jini ce, sai an bincika. Haka idan a kunne ɗaya kaɗai take, ko ta zo da hajijiya mai juya ɗaki, ko gefen fuska ya saki, ko bayan buguwa a ka. A irin waɗannan ne likita yakan nemi hoton kai. In ba ka da ko ɗaya daga ciki, ka sauke wannan nauyi daga zuciyarka, ka bar gwajin ya tabbatar.

Ranar da za ka je, ka tafi da duk magungunan da kake sha ko ka sha a shekarar nan, har da ƙwayoyin intanet ɗin. Akwai magungunan da aka san suna tayar da kukan kunne ko su ƙara shi: kwinin, asfirin idan aka sha da yawa, allurar jentamaisin da danginta, wasu magungunan fitar da ruwa daga jiki, da wasu na cutar daji. Kada ka daina wani magani da likita ya ɗora ka a kai da kanka, ka dai nuna masa. A auna maka hawan jini, a duba ko jininka ya yi ƙasa. Idan kana jin ciwo a mahaɗar muƙamuƙi ko kana cizon haƙora cikin barci, ka faɗa, domin shi ma yana taɓa ƙarar.

Yanzu sai maganar "za ka saba", wadda na san ta ɓata maka rai. Gaskiya ce, amma faɗarta haka kawai ba tare da an nuna wa mutum hanya ba, kusan kora ce. A 1953 wasu masu bincike biyu a Amurka, Heller da Bergman, sun shigar da mutum 80 masu lafiyayyen ji ɗaki wanda sauti ba ya shiga, kowa na minti biyar, suka ce su faɗi abin da suka ji. Kashi 94 cikin 100 sun ce sun ji ƙugi, ko shuwa, ko siririn kuka. Ashe kusan kowa yana da ɗan wannan sauti a kansa, hayaniyar duniya ce take rufe shi, ƙwaƙwalwa kuma take watsar da shi don ba ta ɗauke shi a bakin komai ba. Ƙwaƙwalwa ba ta ba sautuka muhimmanci gwargwadon ƙarfinsu, gwargwadon ma'anarsu take ba su. Shi ya sa za ka ji an ambaci sunanka a tsakiyar hayaniya alhali ba ka ji sauran hirar ba. Duk sautin da ta yi wa alamar haɗari, to za ta sa masa ido dare da rana.

Nan ne aka kama ka. Ranar da kukan ya fara, ka tsorata, ka ce kurumta ce ko ciwon ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwarka ta karɓi wannan a matsayin umarni, ta fara gadinsa. Da safe kafin ka buɗe ido ka riga ka kasa kunne ka ji ko yana nan, kuma duk wanda ya nema zai samu. Jinsa ya tayar maka da hankali, tashin hankali ya hana barci, rashin barci ya sa jiki ya ƙara zama a ɗarare, sai ƙarar ta ƙara fitowa fili. Wani masani mai suna Pawel Jastreboff ya shimfiɗa wannan bayani a 1990, kuma a kansa aka gina ɗaya daga cikin sanannun hanyoyin taimaka wa masu wannan matsala. Abin da aka lura da shi tun tuni shi ne, ƙarfin ƙarar idan aka auna bai cika nuna yawan wahalar mai ita ba. Wani tasa ta fi taka ƙarfi amma bai damu ba. Mun kasa kashe sautin, amma igiyar da ta ɗaure shi da tsoro tana kwancewa, kuma idan ta kwance sai mutum ya wayi gari ya yi awa uku, daga baya wuni guda, bai tuna da shi ba.

Mu fara da dare, tunda nan abin ya fi ci maka tuwo a ƙwarya. Shiru abokin gabarka ne a yanzu, kada ka ƙara kwanciya a ɗakin da ya yi tsit. Kunna fanka, ko ka sa sautin ruwan sama ko na gudun ƙorama a wayarka, akwai su kyauta a manhajoji da yawa. Ka zaɓi sautin da ba magana a ciki kuma ba ya hawa da sauka, domin magana tana jan hankali. Ga inda mutane da yawa suke kuskure: suna ƙure sautin don ya danne kukan gaba ɗaya. Ka bar shi ƙasa kaɗan da kukan, yadda za ka riƙa jin su biyun suna cakuɗuwa. Ƙwaƙwalwa ba za ta saba da abin da aka ɓoye mata ba, sai wanda take ji a hankali ba tare da ya razana ta ba. Ka bar shi ya kwana yana yi, don idan ka farka tsakar dare kada ka faɗa cikin shiru. Idan sautin ya dami maiɗakinka, sa wayar ko ƙaramar sifika ƙarƙashin matashinka.

Ka tsayar da lokacin tashi guda ɗaya kullum, ko daren ya yi kyau ko bai yi ba, kuma ka rage dogon barcin rana. Idan ka kwanta ka ga kusan rabin awa ta wuce kana juyi, tashi ka zauna a wani wuri mai ɗan haske, ka yi karatu ko wani abu mai sanyaya rai, sai barci ya zo ka koma. Manufar ita ce kada gado ya zama filin daga a wurin ƙwaƙwalwarka. Kafin kwanciya ka ɗauki minti goma kana jan numfashi a hankali, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, kana sakin kafaɗu da muƙamuƙi. Ƙwayar barci kuwa kada ka saya da kanka. Wasu daga cikinsu suna kama mutum, kuma ranar da ya daina kukan yakan dawo da ƙarfi fiye da da.

Da rana kuma aikinka shi ne ka daina auna shi. Kada ka riƙa toshe kunne da yatsa don ka ji ko ya ƙaru, kada ka kwana a intanet kana karanta labarin waɗanda abin ya fi ƙarfinsu. Waɗanda suka samu sauƙi ba su cika komawa su ba da labari ba, sun shiga harkokinsu, sai ka ga kamar kowa a cikin azaba yake. Idan kukan ya faɗo maka a rai, kada ka yi kokawa da shi. Ce wa kanka, ga shi nan, na san ko mene ne, ba zai cutar da ni ba, sannan ka mayar da hankali kan abin da hannunka yake yi. Da farko za ka yi haka sau ɗari a wuni ka ga kamar wasan yara ne. Ci gaba da yi.

Wannan da na gaya maka ɗan tsakure ne daga wata hanyar jinya ta tattaunawa da likitocin halayyar ɗan Adam suke yi, wadda ake taƙaita sunanta da CBT. A cikinta ake koya wa mutum ya gane tunanin da ke hura masa wutar tsoro, ya gwada shi da hujja, ya sauya yadda yake mayar da martani. A duk hanyoyin da aka gwada kan kukan kunne, ita ce ta fi samun goyon bayan bincike wajen rage wahala, kuma hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta sa ta cikin ƙa'idojin da ta fitar a 2020. Idan an ce ka ga likitan halayya kada ka ji an raina ka ko an ce taɓuwa ka yi. Tunda ka kai ga irin tunanin da ka ambata, ni a ganina wannan mataki ya zama dole a gare ka. Idan kuma gwaji ya nuna jinka ya ragu, ka karɓi na'urar taimaka wa ji in an ba ka shawararta, kada kunya ta hana ka. Tana dawo wa ƙwaƙwalwa da sautukan da ta rasa, kuma mutane da yawa sukan ce muddin tana kunnensu kukan yana lafawa. Ga kuma ribar jin maganar iyali.

Ƙwayoyin da ka saya kuwa, ka yafe kuɗin ka daina. Har yau babu wani magani na sha da hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince cewa yana warkar da kukan kunne. Ƙungiyar likitocin kunne ta ƙasar, a ƙa'idojinta na 2014, ta ce kada likitoci su ba da shawarar ganyen ginko ko sinadarin zinki da makamantansu saboda wannan matsala, domin bincike bai nuna amfaninsu ba. Abin da ke ba ni haushi da masu wannan talla shi ne sun san sarai wanda bai yi barci ba zai sayi komai. Kada kuma ka ɗiga wani abu a kunne, mai ne ko ruwan ganye, kada ka sa tsinken auduga, matsalar ba a ramin take ba, sai dai ka jawo wa kanka wata. Bincike na gaskiya yana tafiya. A 2023 hukumar ta Amurka ta ba da izinin wata na'ura mai suna Lenire, wadda take haɗa sauti a kunne da ɗan motsa harshe da lantarki marar ƙarfi. Wasu sun ji sauƙi da ita, amma ita ma ba ta kashe ƙarar, kuma ba ko'ina ake samunta ba. Kada ka jingine rayuwarka kana jiranta.

Sana'arka fa? Ni ban ga dalilin barinta ba, kuma ina tsoron idan ka bari ka zauna a gida, ga shiru ga tunanin abin da za a ci, kukan ya samu fili. Kai da kanka ka ce lokacin aiki ne kake samun sauƙi. Abin da za ka bari shi ne aiki da kunne a buɗe. Cibiyar NIOSH mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ba da shawarar iyaka a kan desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin ƙara) na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu. A desibel 100, wanda injin yanka da na goge katako sukan kai, minti 15 ne kacal a wuni. Ka lissafa awoyin da kake yi. Nemi toshen kunne na soso, ka koyi sa shi daidai: a murza shi ya sirance, a ja kunne sama da ɗaya hannun, a tura, a riƙe har ya kumbura. Lokacin yanka mai yawa ka ɗora murfin kunne irin mai kama da kofi a kai. Ka haɗa aikin inji a lokaci guda maimakon ya yi ta ruri wuni zubur, ka riƙa wasa zarto domin dakusasshe ya fi ƙara, in da hali ka raba wurin inji da wurin haɗa kaya. Za ka lura idan ka toshe kunne kukan yana ƙara fitowa, wannan ba ƙaruwa ya yi ba, sauran sautuka ne suka ragu. Yaran da ke koyon aiki a hannunka ma ka tilasta musu, su kunnensu bai riga ya taɓu ba, amanarsu kuma tana wuyanka.

Amma da ka bar wurin inji ka cire toshen. Kada ka riƙa yawo da toshe a gida ko a hanya don gudun hayaniyar yau da kullum. Kunnen da aka cika killacewa yakan ƙara zama mai tsargu, har ƙarar cokali a faranti ta zama abin gudu. Ina zargin ka fara taɓa wannan, tunda wasan yara yana hasala ka haka. Ka ambata wa likitan, domin sau da yawa yana tafiya tare da kukan kunne, kuma ana magance shi ta hanyar sabar wa kunne da sauti a hankali.

Sai maiɗakinka. Kada ka riƙe ta a zuciya. Ka tsaya a inda take tsaye: mijinta ya canza, ba ya barci, yana faɗa, tana magana yana kallon wani wuri, ga likita ya ce ba komai, ita kuma ba ta jin abin da yake ji. Dole ta nemi wata fassara, kuma ba mamaki a ranta tana tambayar ko ita ce ta yi laifi. Ta yi kuskure da ta ce kai ka sa wa ranka, amma ba ta yi nisa da gaskiya ba da ta ce damuwa tana ciki. Ka nemi lokacin da hankalinku yake kwance, ba tsakar dare ba kuma ba bayan faɗa ba. Nemo a waya sautin da ya yi kama da naka, ka kunna mata a hankali na minti biyu, ka ce mata wannan nake ji tun wata takwas, ko yanzu da nake miki magana. Mutane da yawa sai a nan suke fahimta. Ka roƙe ta ta raka ka gwajin ji, ta ga takardar sakamakon da idonta, ta yi wa likita tambayoyinta. Sannan ka gaya mata abin da kake bukata dalla-dalla, domin "ki fahimce ni" ba ya nuna wa mutum abin yi. Ta kira sunanka ka juyo kafin ta fara magana, ta fuskance ka, a rage talabijin idan za a yi magana mai muhimmanci. Ta kuma daina tambayarka ya kunnen kowace safiya, ko da kulawa ce ta sa, don tambayar tana mayar da hankalinka wurin. Ita ma tana da haƙƙi a kanka: ka ba ta haƙuri kan faɗan da ka yi mata ba da laifinta ba.

Yaran kuma bashi ne a kanka. Ciwo dalili ne, amma yaro bai san dalili ba, abin da ya sani shi ne Baba ya shigo a yi shiru. Tara su ka ce musu kunnen Baba ne yake ciwo, idan ya gaji yakan yi faɗa, ba don sun yi laifi ba. Idan ka dawo daga aiki ka ba kanka minti ashirin kai kaɗai da ɗan sauti mai laushi kafin ka shiga cikinsu, in kuma ka ji ranka ya fara tashi, fita ka zaga ka dawo.

Kada ka sa ran ganin canji cikin mako guda. Barci yakan fara gyaruwa cikin makonni, sabawar kanta kuwa watanni take ɗauka, wani shida, wani shekara, wani fiye. Kuma ba a miƙe take tafiya ba. Ranar da ka yi mura, ko ka kwana ba barci, ko wani abu ya ɓata maka rai, kukan zai tashi ka ce an koma gidan jiya. Ba a koma ba, yakan sauka cikin kwanaki. Kada ka auna ci gabanka da ƙarfin ƙarar. Ka auna shi da awa nawa ka yi barci, sau nawa ka manta da ita, yaushe rabonka da daka wa yaro tsawa. Idan likitan da ka samu ya sake sallamarka da "ka yi haƙuri" ba tare da gwajin ji ba, ka nemi wani, haƙƙinka ne. Bayan an yi gwajin ka sake rubuto min abin da ya nuna da yadda darenka yake, sai mu ga ko akwai abin da za a ƙara ko a sauya.